Tiyar Kaka a Kasuwar Illela

In na tuna kasuwar Illela ta shekarun nan, haske nake fara gani, irin hasken bazara da ke sa ƙasa ta riƙa rawa daga nesa, har a hango raƙuma suna tahowa kamar ƙafafunsu ba sa taɓa ƙasa. Daga baya sauran abubuwa ke biyowa: warin albasar Galmi, hayaƙin masu tsire, kukan jakuna a bayan rumfuna, da motocin kasuwa da suka kwaso mutane daga Ƙonni da Malbaza, an lafta musu kaya har sun karkace. A gefen gabas akwai wani babban gawo, a ƙarƙashinsa masu awon hatsi ke jeruwa, kowace da tabarmarta da tulin geronta da tiyarta, wato kwanon da ake awo da shi. A can ƙarshen layi, inda inuwa ke ƙarewa, nan wata tsohuwa take zama. Kowa Kaka yake ce mata, har waɗanda suka kusa kai ta shekaru.

Ni a lokacin yarinya ce ɗanya. Daga Dogarawa aka kawo ni aure, da ɗan karatun lakwal, wato boko, da na yi wanda bai kai ko'ina ba, amma ya ishe ni ɗaga hanci. Bayan sunan 'yata ta fari maigidana ya tafi cin rani Najeriya, ya ce da faɗuwar ruwa zai dawo. Ruwa bai faɗi yadda ake so ba, shi ma bai dawo ba. Sai kuma aka rufe iyaka, saƙon da yakan aiko ta hannun direbobi ya yanke. Gida ya rage daga ni sai mahaifiyarsa, wadda nake kira Inna, sai jaririya a bayana. Ni da Inna muna saƙa tabarmi da faya-fayi na kaba. Ran kasuwa in ɗauka in kai da safe, abin da na samu in sayi gero da shi, geron nan shi zai riƙe mu har wata kasuwar ta zagayo.

Ranar da zan fara zuwa sayen hatsi ni kaɗai, Inna ta raka ni har bakin ƙofa, ta ce in wuce duk masu awo, kada in tsaya ko an kira ni, in je wurin tsohuwar ƙarshen layi. Ban tambaye ta dalili ba. Na ɗauka dai ƙawarta ce.

Kaka 'yar ƙarama ce, siririya, da wani baƙin mayafi mai faɗi da ya fi ƙarfinta. Daga wani ƙauye take zuwa a bayan tudu, a amalanken jakin maƙwabcinta, da buhu ɗaya na geron gonarta da na 'ya'yanta. Idanunta sun fara yin fari-fari, amma wallahi ba abin da ke wucewa a kasuwar nan ba ta gani ba. Tun ranar farko ta sa mini suna Amarya, ko da ta ga goyo a bayana, kuma ba ta taɓa canzawa ba. Takan tsokane ni wai na cika tafiyar 'yan lakwal, kamar mai taka ƙwai. Ni kuma in ce mata mayafinta zai ishi mutum uku su yi rumfa.

Tana da wata ɗabi'a da nake so ƙwarai. In na durƙusa na ajiye ƙwaryata a gabanta, takan cika tiya a kan idona, gero ya yi tozo yana zubowa, ta juye. Kafin in ɗauka sai ta ce, "Amarya, ɗaga kai ki gani." Sai ta nuna mini wani abu da haɓa. Kullum akwai abin gani. Wata rana raƙumi ne da jan tuntu a wuya, yana taku kamar ango. Wata rana wata Bafulatana ce da 'yan kunne har kafaɗa, tana tafe da ƙwaryar nono ba ta ko riƙe ta ba. Wata rana wani ɗan girgije ne shi kaɗai a sama, fari tas, Kaka ta ce ɓatan hanya ya yi, uwarsa tana can wajen kudu tana nemansa. Akwai ranar da ta nuna mini shamuwa ta farko a shekarar, tsaye a ƙololuwar gawo da ƙafa ɗaya, na daɗe ina kallonta har wuyana ya gaji.

Ni kuwa dama mai son kallo ce. Gidanmu shiru ne, ba a jin komai sai ƙarar kaba a hannu da tarin Inna. Wannan ɗan lokacin da nake ɗaga kai a gaban tabarmar Kaka shi ne hutuna na mako. Sai in ji hayaniyar kasuwa ta ja baya, kamar an rufe ta da ƙwarya, in manta ba ni da labarin mijina, in manta tabarmin da ban sayar ba. In na sauko da ido, na tarar ta riga ta rufe mini ƙwaryar da faifai ta ɗaure da tsumma, wai saboda idon mutane. Ta taya ni ɗora ta a ka, ta ce in gaida Inna.

Geron nan kuwa yana kai mu. Maƙwabtanmu suna kukan hatsinsu ya ƙare tun kasuwa da saura, mu namu sai ya kai, wani lokaci har da ɗan abin kunun safe. Inna takan faɗa wa mata a gabana cewa surukarta tana da hannun tattali, abin da ta taɓa sai ya yi auki. Ni kuma kaina ya yi ta kumbura. Har nasiha nake wa matan unguwa, waɗanda suka haifi irina, a kan yadda ake surfe ba a yi ɓarna ba. Suna saurarena suna cewa to, to. Yanzu in na tuna fuskokinsu dariya ke kama ni, da wani abu kuma da ba dariya ba.

Shekarar da damina ta gaza ƙwarai, kasuwa ta lalace. Hatsi ya yi tsada, masu awo kuma da yawa suka fitar da halinsu. Wani zai bubbuge gindin tiya ya turo shi ciki, ka ga kwano cike alhali cikinsa ya ragu. Wani yana da tiya biyu, babba ta saye a hannun manomi, ƙarama ta sayar wa mai yunwa. Wasu kuma farashi suke yi da fuska: ɗan gari kuɗinsa daban, baƙo daban. Mutane suka yi ta kuka har ya kai buro, wato ofishin hukuma.

Wata safiya sankira ya zagaya gari da ganga. Ya ce kumandan mai mulkin gari yana gaida jama'a, kuma daga yau tiya ɗaya ce a kasuwa, wadda hukuma ta buga wa hatimi a gefe. Farashi ɗaya ne ga kowa, awo ɗaya ne ga kowa, ɗan gari da baƙo. Ya ce hukuma ba za ta iya tsayawa a kan kowace tabarma ba, don haka masu saye su ne idonta: duk wanda ya ga an tauye shi, ko an bambanta shi da wani, ya kai ƙara wurin mai duba awo. Wanda aka kama da awo biyu za a karɓe tiyarsa, a ba wani wurin zamansa.

Na yi murna da dokar nan, kuma har gobe ina ganin ta yi daidai. Na ga tsofaffi suna ƙwalla a gaban kwanon da aka bubbuge. Mako na gaba kasuwa ta cika da sababbin tiyoyi masu ƙyalli, duk girmansu ɗaya, rana tana dukansu suna walƙiya a ƙarƙashin gawo. Mata suka koyi juya kwano su duba hatimi kafin a auna musu. Ni da karatuna na zama malamar layi, ana miƙo mini tiya in duba ko hatimin na gaske ne. Kaka ma ta karɓi tata, ta juya ta, ta ƙwanƙwasa da farce, ta ce ba laifi, sai dai ba ta da murya. Ta ci gaba da awonta, ta ci gaba da nuna mini sama.

Mai duba awon wani saurayi ne dogo mai sanyin magana, daga gabas aka turo shi. Yana yawo tsakanin tabarmi da tasa tiyar a hammata, yana gaida kowa. Ban taɓa ganin ya ɗaga wa wani murya ba.

Akwai kuma wata mata, matar wani malamin lakwal da aka turo daga yamma. Madan muke ce mata. Hausarta ba ta nuna ba, kuma tun zuwanta ake cutarta a kasuwa, a ninka mata kuɗin tumatir, a yi dariya bayan ta juya. Ta sani, kuma abin yana cin ranta. Da ta gano Kaka ba ta ƙara mata ko sisi, sai ta zama a wurinta kaɗai take saye. Wata ran kasuwa tana tsaye a baya tana jiran a gama da wata, sai ta ga abin da mu masu durƙusawa ba mu gani. Ta ga an juye wa matar nan tiya ɗaya, ta ga matar ta ɗaga kai tana kallon wani abu, ta ga hannayen Kaka sun nutse cikin gero a ƙarƙashin mayafi sun fito cike, sun koma sun sake fitowa, sannan faifai ya rufe. Kuɗin da matar ta biya shi ne Madan ta biya. Ita kuwa ba a taɓa ce mata ta ɗaga kai ba.

Me za ta ɗauka? Ta ɗauka nan ma an mayar da ita baƙuwa. Wurin da ta amince da shi, shi ma awon 'yan gari daban, nata daban. Da ƙwalla a idonta ta je ta samu mai duba awo, kamar yadda sankira ya ce a yi.

Ni na riga na sayi nawa, ƙwarya tana kaina, ina wurin mai gishiri, sai na ga mutane suna gangarawa ƙarƙashin gawo. Na bi su. Rana ta take tsaka, inuwar ta tsuke, mutane sun yi da'ira. Kaka tana zaune a tabarmarta ta miƙe ƙafafu. Mai duba awo ya tsuguna a gabanta, sarkin kasuwa yana tsaye, wani jandarma ya jingina da gawo yana fifita da hula.

Saurayin ya fara da geron Madan. Ya juye shi cikin tiyarsa, ya cika har da tozo, bai ragu da ƙwaya ba. Ya faɗa da ƙarfi kowa ya ji cewa ba a tauye ta ba. Amma ya ce saura magana ɗaya: in gaskiya ne wasu suna samun fiye da haka a kan kuɗi ɗaya, to akwai awo biyu a tabarma ɗaya, kuma abin da doka ta hana ke nan. Ya tambayi Madan wace mata ce ta gani. Ta duba mu, fuskoki a ƙarƙashin mayafai, ta ce ba za ta iya ganewa ba. Ya juya ga Kaka, ya roƙe ta cikin ladabi ta yi masa bayani.

Kaka ta ce, "Ɗana, tiya guda gare ni. Ga ta nan."

Ya sake tambaya, ta sake ba shi amsar nan. Sai ya miƙe ya fuskance mu. Ya ce in akwai wadda tsohuwar nan ke ƙara wa hatsi, ta fito ta faɗa, don ya san ko kyauta ce ko bambanci. In ba wadda ta fito, shi ba shi da yadda zai yi, ƙara ta riga ta shigo, dole ya karɓi tiya ya ba wani wurin.

Ba wadda ta motsa. Ina iya ganinsu har yanzu, mata birjik, kowace da ƙwarya a ka ko a kunkumi, kowace ta sami abin kallo a ƙasa. Akwai wadda mijinta ya rasu bara. Akwai matar wani mai shago da kowa ke ɗauka suna cikin daula. Akwai matar liman. Iska ta tsaya cik, ba a jin komai sai kurciya a saman gawo. Ni kuwa jinina tafasa yake. Na ce a raina, dubi marasa kirki, za a kori tsohuwa a kan ƙarya, ba mai buɗe baki. A sanina babu wani ƙari. Kasuwa nawa na yi ina saye a nan?

Na kutsa na fito tsakiya, goyona yana barci. Na sauke ƙwaryata a gaban mai duba awo. Na ji Kaka ta ce "Amarya" a hankali, amma na ɗauka godiya ce take mini.

Na ce, "Ranka ya daɗe, tun da nif fara sayen hatsi garin ga, nan ni ka saye. Ba ta taɓa rage mani ba, ba ta taɓa ƙara mani ba. Ga nawa, tiya guda ta, yanzu ta auna shi. A gwada."

Da hannuna na kwance tsumman, na ɗage faifai. Ya ɗauki ƙwaryar ya fara zubawa. Ina kallon geron yana sauka, yana wannan 'yar ƙarar tasa kamar yayyafi a kan bukka. Tiya ta cika. Ta yi tozo. Gero ya fara gangarowa ta gefe yana zuba a tabarma. Ya tsaya, ya leƙa cikin ƙwarya, ya dube ni. Sannan ya karkato ta yadda zan gani. Abin da ya rage a ciki ya kusa rabin wata tiyar.

Ban san tsawon lokacin da na yi a tsaye ba.  Na ga bakin mutane yana motsi ban ji abin da suke faɗa ba. Duk abubuwan da Kaka ta taɓa nuna mini suka riƙa wucewa ta gabana ɗaya bayan ɗaya, a hankali, kamar ayari. Kunya ta rufe ni tun daga kai har ƙafa, kunyar da ban taɓa jin irinta ba, don a gaban duk garin Illela aka auna talaucin gidan mijina, kuma ni na kawo shi da kaina na ce a auna. Na dubi Kaka. Ta ja mayafinta ta rufe fuska.

Mai duba awo bai yi dariya ba, Allah ya saka masa. Ya mayar mini da gerona duka, har wanda ya zuba ya tattara. Ya ce yanzu ya gane, wannan ba cuta ba ce, kyauta ce, kuma doka ba ta hana kyauta ba. Tsohuwa ta riƙe tiyarta da wurinta. Sai dai daga yau a raba abu biyun: awo a yi shi a fili, a ɗauke hannu, kyauta kuma a ba da ita daban a fili, don kada wani mai saye ya sake zargin an bambanta shi. Mutane suka yi ta gyaɗa kai, sarkin kasuwa ya ce hukunci ya yi kyau. Madan ta durƙusa tana ba Kaka haƙuri da guntuwar Hausarta.

Kaka ta sauke mayafin, ta dubi saurayin ta ce, "Ɗana, in anka gani, ai ba shi ciyuwa."

Ya yi murmushi, ya ɗauka maganar tsofaffi ce, ya sa tiyarsa a hammata ya wuce.

Na isa gida ban san ta inda na bi ba. Labari ya riga ni, kamar kullum. Inna tana zaune tana saƙa, ba ta ɗago ba. Na ajiye ƙwaryar na fashe da kuka, ina cewa ashe duk tsawon lokacin nan sadaka muke ci ban sani ba, ashe har tattalin da ake yabona da shi ba nawa ba ne. Ta bar ni na yi mai isata, hannunta bai daina aiki ba.

Sannan ta ce, "Na sani. Don haka nit tura ki gunta. Ita ma ta san na sani, ba mu dai taɓa zancen ba."

Na tambaye ta matan da suka yi shiru fa. Ta ce yawancinsu sun sani su ma. Mace ba ta shekara tana daka ba ta san nauyin tiya ba, sai irina da aka kawo daga lakwal. Suna ɗaga kai ne don su ba tsohuwa wuri ta yi abin da za ta yi, su kuma su koma gida a matsayin waɗanda suka sayi hatsinsu da kuɗinsu. Ta ce Kaka ba fuska take dubawa ba. Tana duba zanen da aka juya, da kunnen da 'yan kunne suka bar shi, da yadda mace ke daɗewa tana kwance bakin zane kafin ta fito da kuɗi. Inna ba ta yi mini faɗa ba, ba ta kuma lallashe ni ba. Ta ce in tashi in surfa gero, rana tana yi.

Na yi ta juya abin a raina cikin makon nan, ina neman wanda zan ɗora wa laifi, don ni mai son a sami mai laifi ce. Madan gaskiyarta ta gani ta faɗa. Saurayin dokarsa ya bi, da sauƙin hali ma. Ni kuma tsohuwa na tashi karewa, na kuwa kare ta, tunda ba a kore ta ba. Na rasa wanda zan ji haushi.

Da kasuwa ta zagayo, na ɗaure goyona na tafi. Layin masu awo cike yake da mata, ana ta juya tiya ana duba hatimi. A ƙarshen layi Kaka tana nan da tulin geronta, gabanta fayau. Na tsaya nesa kaɗan ina kallo. Na ga matar da mijinta ya rasu ta taho, ta rage tafiya daidai tabarmar, sai ta gyara mayafi ta wuce wurin wani mai awo. Na ga matar mai shago ta yi kamar tana neman wani a can gefe. Yanzu duk garin ya san ma'anar durƙusawa a gaban tabarmar nan. Wadda aka gani a wurin, an san abin da ke cikin rumbunta. Waɗanda suka zo su ne marasa kunya masu abin hannunsu, suna washe baki wai a yi musu irin awon Amarya. Ta auna musu daidai, suka tafi suna gunaguni ba su dawo ba. Matan ma'aikata kuma suka ji an ce an taɓa kai ta gaban hukuma, ba su tsaya jin ƙarshen zancen ba.

Ni ba abin da ya rage mini na ɓoyewa, sai na je na durƙusa. Na gaishe ta, ta amsa, ta tambayi lafiyar Inna da 'yata. Ta cika tiya, ta ɗaga hannayenta biyu sama yadda na kusa da na nesa za su gani, ta juye mini. Na jira. Ban ɗauki ƙwaryar ba, ina ta jira, ita kuma idonta yana kan geron. Daga ƙarshe ni na rufe da faifai na ɗaure. Ta ce da ƙarfi, don maƙwabtanta su ji, awona daidai yake da na kowa. Na gane tana ƙoƙarin mayar mini da mutuncina ne, da na sauran, ko za su dawo. Na ɗauki ƙwaryata na tafi.

Ba su dawo ba. Madan ta riƙa zuwa, ni ma haka, amma mutum biyu ba sa cinye buhu. Gero kuwa ya ci gaba da wuya, mu ma muka shiga sahun masu kwana da kunu tsararo kafin kasuwa ta zo. Kaka ta ƙara ƙanƙancewa cikin mayafinta. Ta daina tsokanar kowa. Tana zuwa da safe, ta shimfiɗa tabarma, ta zauna har inuwa ta juya, tana korar ƙudaje daga kan hatsin da ba mai taɓawa.

Ranar ƙarshe da na gan ta, la'asar ta yi sanyi, kasuwa tana watsewa. Maƙwabcin nata ya kawo amalanke. Ta tattara geron da tafin hannu ta mayar cikin buhu, shi ya kama ya ɗora, har sai da ya yi nishi don nauyi. Ta naɗe tabarma, ta hau ta zauna a kan buhun, ta juya mana baya. A bakin hanya akwai mata da yawa tsaye, waɗanda na san abin da ke ƙwaryarsu ba zai kai su ko'ina ba, na san 'ya'yansu da sunayensu. Jaki ya ja, amalanke ya bi ta tsakaninsu a hankali, har gefen buhun yana gogar zannuwansu. Suka matsa suka ba shi hanya, ba wadda ta ɗago ido. Haka buhun nan ya fita daga Illela cikin shekarar yunwa, cike kamar yadda ya shigo, kuma mako na gaba wani mutum ne ya shimfiɗa tabarmarsa a wurin.